Daga Larura Zuwa Nishaɗi: Tarihin Babur ɗin Ƙanƙara da Yawon Ƙarshen Mako a Kebek

A lardin Kebek na ƙasar Kanada, tun daga tsakiyar watan Disamba har zuwa ƙarshen Maris, wato lokacin da dusar ƙanƙara ke lulluɓe gonaki da dazuzzuka, tafkuna kuma su daskare har su iya ɗaukar mutum da abin hawansa, akwai wata al'ada da ta game talaka da mai hali, ita ce ta fita yawon yini guda ranar Asabar ko Lahadi a kan babur ɗin ƙanƙara. Shi dai wannan babur ba shi da taya ko guda. A gabansa akwai dogayen takalma biyu masu lanƙwasasshen baki, waɗanda ke zamewa bisa dusa, su ne kuma matuƙi ke juyawa in yana son karkata, a ƙarƙashin mazauninsa kuwa akwai wani faffaɗan bel na roba mai haƙora, wanda injin ke murzawa ya riƙa tunkuɗa babur ɗin gaba. Tun daren Jumma'a masu fita ke zama a kan taswira, suna lissafin nisan zango da inda za a sha mai, suna tambayar wace hanya aka daddaɓe wace kuma aka rufe, kuma duk wanda ya gan su a wannan hali zai zaci abin wasa ne kawai na mutanen da ciki ya cika. Amma wanda ya bi asalin al'amarin zai tarar cewa kusan kowace ƙa'ida da suke kiyayewa a wannan shiri tana da rai da aka rasa a bayanta, kuma shi kansa abin hawan ba don annashuwa aka fara ƙera shi ba.

Malaman usulu sun kasa maslahar ɗan Adam gida uku: akwai larura, wadda in an rasa ta rai kan salwanta, akwai bukata, wadda rashinta kan jawo ƙunci da wahala ba tare da halaka ba, sannan akwai ƙawa, wadda ke ƙara wa rayuwa daɗi kurum. Babur ɗin ƙanƙara ya ratsa waɗannan martabobi uku ɗaya bayan ɗaya cikin abin da bai kai shekara arba'in ba, kuma ba kasafai ake samun wata ƙirƙira da tarihinta ya fito fili haka ba.

Kafin zuwansa, hunturu a ƙauyukan Kebek kurkuku ne na wata huɗu ko biyar. Da zarar dusa ta kwanta, sai masu motoci su ɗora su a kan katako cikin rumfa, su juye ruwan injin don kada ya daskare ya fasa shi, ba a sāke tayar da su sai bazara. Abin da ya rage shi ne doki da amalanken ja marar taya, kuma da yake hanya da gona da kogi duk sukan koma fari fat ba a bambance wannan da wancan, sai ya zama wajibi a kan mutanen kowane yanki su sassare ƙananan itatuwa masu ganye kore su kakkafa su jere a gefen hanya, domin matafiyi ya san inda zai bi in guguwa ta taso. Likita in an kira shi cikin dare haka zai naɗe cikin bargon fata ya bi waɗannan alamomi, wani lokaci ya isa a kan kari, wani lokaci kuwa ya tarar an riga an rufe wa majinyaci fuska.

Mutane da yawa sun yi ƙoƙarin warware wannan mas'ala. Wani injiniya Bafaranshe, Adolphe Kégresse, ya sa wa motocin Sarkin Rasha Nikolas na Biyu bel a madadin tayoyin baya tun kafin Yaƙin Duniya na Ɗaya. Virgil White na jihar New Hampshire a Amurka ya riƙa sayar da kayan da ake jona wa motar Ford don ta bi dusa. Carl Eliason kuma na garin Sayner a jihar Wisconsin ya ɗora ƙaramin inji a kan dogon faifan katako a 1924, ya sami takardar mallakar fasaharsa a 1927. Kowannensu yana da rabonsa na yabo, sai dai wanda sunansa ya manne wa abin har yau ɗan wani ƙaramin gari ne mai suna Valcourt, a kudancin Kebek.

An haifi Joseph-Armand Bombardier a wannan gari ranar 16 ga Afrilu 1907, shi ne babba cikin 'ya'ya takwas na wani manomi mai kanti. Yana da shekara goma sha biyar ya ɗauki injin wata tsohuwar Ford da mahaifinsa ya ba shi bisa zaton ba za ta sāke tashi ba, ya ɗaure shi a kan amalanken ja, ya sassaƙa farfela ta katako ya liƙa a bayansa, sa'an nan shi da ƙanensa Léopold suka ratsa titin garin da shi, ƙanen yana zaune gaba yana juya takalman da igiya kamar mai riƙe linzami. Mahaifin, da ya ga farfela tsirara tana wulwulawa kusa da kawunan 'ya'yansa, nan take ya ba da umarni a wargaza ta, kuma babu uban da zai zarge shi. Burin iyayen shi ne yaron ya zama limamin coci, har suka kai shi makarantar horar da limamai a birnin Sherbrooke, amma zuciyarsa na wajen ƙarfe, don haka ya bar makarantar, ya koyi kanikanci a Montreal, ya komo gida ya buɗe gareji a 1926. Shekaru da dama yana gyaran motoci da injunan manoma da rani, da hunturu kuma yana gwada ƙera motar da za ta hau dusa ba ta nutse ba, kowane gwaji da irin cikas ɗinsa: wannan ta yi nauyi, waccan dusa ta cushe tsakanin ƙafa da bel har bel ɗin ya zame.

A hunturun 1934 ne ibtila'in da ya sauya rayuwarsa ya auku. Ɗansa Yvon, mai shekara biyu, ya kamu da ciwon ciki irin wanda ba shi da magani sai fiɗa, asibitin da ake yin fiɗar kuwa yana Sherbrooke, tafiyar kimanin kilomita 50, ga hanya dusa ta toshe ta, ga kuma motocin da uban ya yi shekaru yana ƙerawa suna jibge a gareji babu wadda za ta iya kai su. Yaron ya rasu a gida. Lalle ajali ba ya wuce lokacinsa, amma duk wanda ya taɓa riƙe ɗa marar lafiya a hannu zai gane irin abin da ke cikin zuciyar mutumin da ya san cewa abin da ya raba ɗansa da likita shi ne ainihin abin da ya sha alwashin cin nasara a kansa. Bai yi watsi da aikin ba, sai ma ya ƙara himma, har a shekarar da ta biyo baya ya gano mafita: ƙafa mai haƙora wadda aka lulluɓe da roba, tana cizon bel ta cikin ramukansa, ta yadda dusar da ta shiga sai ta zube ta waɗannan ramuka maimakon ta taru. A 1937 ya sami takardar mallakar wannan hikima, ya kuma fara sayar da motar da ya kira B7, mai ɗaukar mutum bakwai a cikin rufaffen ɗaki. Waɗanda suka fara saye su ne likitocin karkara da masu ɗaukar majinyata da limaman coci, wato mutanen da ake kira lokacin da rai ke hannun Allah.

Daga nan sai abin ya shiga martaba ta biyu. Babbar ƙanwarta, B12, ta riƙa ɗaukar wasiƙu da kaya da 'yan makaranta, aka kafa kamfanin L'Auto-Neige Bombardier a 1942, garin Valcourt ya cika da ma'aikata. Sai kuma a wajen 1949 gwamnatin Kebek ta ɗora wa kanta share dusa daga hanyoyin karkara, wanda alheri ne babba ga jama'a, amma ya zabge kusan rabin cinikin kamfanin cikin shekara guda, domin wanda motarsa za ta iya fita a watan Janairu ba ya bukatar wata. Bombardier ya juya ga masu yankan katako da masu neman mai da ma'adinai, ya ƙera musu tarakta mai bin fadama a 1953, amma tunaninsa na ƙuruciya bai bar shi ba, wato ƙaramin abin hawa na mutum ɗaya wanda zai maye gurbin karnukan ja. Abin da ya hana shi tun farko rashin inji ne mai sauƙin nauyi, da aka sami irinsa, ɗansa Germain kuma ya ƙware wajen yin bel na roba marar gaɓa, sai a 1959 aka fito da Ski-Doo, fentinsa rawaya, takalmansa na katako, injinsa mai ƙarfin doki bakwai. Ɗaya daga cikin na farko shi da kansa ya kai wa wani abokinsa ɗan mishan, Maurice Ouimet, wanda ke zaune cikin mutanen Ojibwa a can arewacin Ontario.

Niyyarsa ita ce masu ɗana tarko da masu awon ƙasa da 'yan mishan su amfana, amma masu saye suka zo da tasu niyyar. Wanda ya hau sau ɗaya don ya duba tarkonsa sai ya ga yana neman dalilin sāke hawa, maƙwabcinsa da ba shi da tarko ko ɗaya ya je ya sayi nasa. A shekarar farko ɗari biyu da 'yan kai aka sayar, kafin rasuwar maƙerin kuwa a watan Fabrairu 1964, yana da shekara 56, lissafi ya koma na dubbai. A can Amurka ma haka abin ya kasance. Edgar Hetteen na kamfanin Polaris a garin Roseau, jihar Minnesota, ya ratsa Alaska daga Bethel zuwa Fairbanks a 1960, tafiyar mil 1,200 cikin kusan mako uku, don ya nuna wa duniya cewa babur ɗin abin dogaro ne. Da abokan kasuwancinsa suka ga kamar ɓata lokaci ya yi, sai ya bar su ya kafa kamfanin da ya zama Arctic Cat. Ranar 19 ga Afrilu 1968 kuma Ralph Plaisted, wani mai sayar da inshora, tare da abokan tafiya uku, cikinsu har da Jean-Luc Bombardier, suka isa ƙuryar arewacin duniya a kan Ski-Doo bayan kwana 43 a kan daskararren teku.

Adalci ne a faɗi abin da aka rasa a wannan sauyi, domin ba kowa ne ya ci riba ba. A ƙauyukan Alaska da arewacin Kanada, karnukan da suka ja mutane ɗaruruwan shekaru, waɗanda a 1925 suka yi ta miƙa wa juna maganin maƙarau har suka kai shi garin Nome daga nisan mil 674, sun ragu ƙwarai cikin shekara goma, har sai da Joe Redington da abokansa suka kafa tseren Iditarod a 1973 don kada irinsu ya ɓace. Kare yana sanin hanyar gida cikin guguwa, yana jin ƙanƙara marar ƙwari a ƙarƙashin ƙafarsa ya ƙi takawa, abincinsa kuma kifi ne da mai shi ke kamawa da hannunsa, alhali injin ba ya sanin kome, kuma ba ya motsi sai da fetur na kuɗi. Wani masani mai suna Pertti Pelto ya zauna cikin mutanen Skolt Sami na Sevettijärvi a arewacin Finlan, masu kiwon wata irin barewa mai rassan ƙaho, ya rubuta littafi a 1973 a kan abin da ya gani: da aka koma kora garke da babur, dabbobin suka firgita suka rage haihuwa, kiwo ya zama sai mai kuɗin inji da mai, har kusan kashi biyu cikin uku na gidajen suka bar sana'ar kakanninsu. A ganina wannan babi ya cancanci a riƙa karanta shi tare da labarin Yvon, domin abu ɗaya ne ya ceci waɗansu ya kuma talauta waɗansu.

A kudu kuwa, inda abin ya zama ƙawa zalla, kasuwa ta haukace. A 1971 an sayar da kusan rabin miliyan a Amurka da Kanada, kamfanoni fiye da ɗari suna ƙerawa, kuma babu hanya, babu doka, babu ladabi. Mahaya suka riƙa kutsawa gonakin mutane suna yanke shingen waya, suna tattake dashen itatuwa, suna bin namun daji har su faɗi don gajiya, suna hana mutane barci da ruri. Waɗansu suka yi karo da wayar da ba su gani ba cikin duhu, waɗansu jirgin ƙasa ya kwashe su, waɗansu tafki ya haɗiye. Manoma suka fusata, aka fara kiran a haramta abin ɗungurum. Tsadar mai ta 1973 da hunturu marasa dusa da suka biyo baya suka karya yawancin kamfanonin, har daga bisani huɗu kaɗai suka rage, shi kansa kamfanin Bombardier sai da ya nemi mafaka a ƙera taragon jirgin ƙarƙashin ƙasa na Montreal a 1974.

A nan ne aka yi abin da ni nake ɗauka shi ne ainihin tushen yawon ƙarshen mako, fiye ma da ƙirƙirar injin. Mahaya masu hankali a kowane gari suka haɗa kai suka kafa ƙungiyoyi, suka riƙa bin manoma gida gida suna neman izinin ratsa gefen gona, bisa alkawarin ba za a kauce wa layin da aka shata ba, za a kuma gyara duk abin da aka ɓata. Ontario da Vermont sun kafa tarayyar ƙungiyoyinsu a 1967, Kebek ta kafa tata a 1974, yau kuma ƙungiyoyi kusan ɗari biyu na wannan lardi suna kula da hanyoyi masu tsawon kimanin kilomita 33,000, yawancin aikin kuwa gayya ce ta 'yan sa kai. Su ne da kaka suke shiga daji da zarto suna sare itatuwan da suka faɗo, suna gyara gadoji, suna kafa turaku masu jan fenti a tsakiyar fili, daidai yadda kakanninsu suka riƙa kafa koren itace don doki. Da dusa ta sauka kuma, cikin dare lokacin da mahaya ke barci, sai mutum guda ya hau babbar motar daddaɓe hanya, yana tafe a hankali kamar mai takawa da sauri, tana jan wani dogon ƙarfe mai wuƙaƙe wanda ke yanke tuddan da babura suka tayar da rana, ya cike ramuka, sa'an nan faifan da ke can ƙarshe ya danne dusar ta kwanta sumul. Sanyin asuba ne ke ƙarasa aikin, ya daskarar da ita ta yi ƙwari. Mutumin nan sau da yawa makaniki ne ko manomi wanda aikinsa na safe ke jiransa, kuma waɗanda za su more hanyar ba za su taɓa ganin fuskarsa ba.

Saboda haka shirin da ake yi daren Jumma'a gado ne. Ana sayen takardar izinin hawa hanya, wadda kuɗinta ke sayen man motar daddaɓewa. Ana duba launin alamomi a taswira, shuɗi na manyan hanyoyin da suka ratsa lardin, kore na yanki, ruwan lemo na gari, a zaɓi zagayen da zai komo da mutum kafin ƙarfe huɗu da rabi, domin a watan Janairu rana kan faɗi da wuri. Ana kasa mai kashi uku, ɗaya na zuwa, ɗaya na dawowa, ɗaya na abin da ba a sani ba. Ana sa bel da fulogi na ajiya da igiyar ja da ashana a cikin akwati, ana sa tufafi hawa hawa ba tare da auduga a jikin fata ba, don auduga in ta sha gumi takan koma ƙanƙara, a kuma bar wa wani a gida bayanin hanyar da za a bi da sa'ar dawowa. Dokar lardin ta wajabta hular kwano, ta kuma ƙayyade gudu kada ya wuce kilomita 70 a sa'a. Ba a fita mutum ɗaya. Tafiyar takan yi kama da ta ayarin fatake, jagaba a gaba, wani gogagge a can baya mai tabbatar da ba a bar kowa ba, a tsakiya kuma sababbin hannu; in an yi kiciɓis da wata tawaga a ƙunƙuntar hanya, kowane mahayi yakan ɗaga hannun hagu ya nuna da yatsu adadin waɗanda ke biye da shi, na ƙarshe kuma ya dunƙule hannu, alamar cewa babu saura. Da azahar ake yada zango a wata bukkar katako ta ƙungiya, a tuɓe safar hannu a jera kusa da murhu, a sha miyar wake mai zafi, a tambayi waɗanda suka fito daga gaba halin da hanya take ciki.

Mafi tsananin sharuɗɗan duka shi ne na ruwa. Hukumar kula da albarkatun ƙasa ta Minnesota tana cewa sabuwar ƙanƙara garai sai ta kai kaurin inci 5 zuwa 7 kafin ta ɗauki babur, kuma ko ta kai haka a tsakiyar tafki, a bakin kogi inda ruwa ke gudana a ƙarƙashi takan zama siririya ba tare da ido ya gane ba. A watan Janairu 2020 wata tawagar 'yan yawon buɗe ido takwas daga Faransa tare da jagoransu suka bar hanyar da aka shata, da dare, suka bi ta kan tafkin Saint-Jean kusa da inda ruwansa ke fita zuwa kogi, ƙanƙara ta karye da su, mutum shida suka halaka har da jagoran. Bayan wannan musiba ne gwamnatin lardin ta wajabta wa masu jagorancin baƙi samun horo na musamman.

Al'adar ba ta rabu da ƙalubale ba har yanzu. A 2004 wata kotu a Kebek ta ba mazauna gefen wata hanya a yankin Laurentides gaskiya a ƙarar da suka kai saboda ƙara da hayaƙi, a gandun Yellowstone na Amurka ma an daɗe ana jayayya kafin a tsaya a kan ƙayyade yawan babura. Hunturun 2023 zuwa 2024 ya zo da ɗumi har hanyoyi da dama a Ontario da Minnesota da Wisconsin ba su buɗe ba ko sun buɗe na 'yan kwanaki, kamfanin Yamaha kuma, wanda ya shiga sana'ar tun 1968, tun kafin wannan hunturu ya riga ya sanar da ficewarsa. Izinin manomi kuwa ba haƙƙin kowa ba ne, kyauta ce da ake sabuntawa, kuma mahayi guda da ya ratsa shukar da ke barci ƙarƙashin dusa ya isa ya sa a rufe ƙofar da ta haɗa garuruwa biyu.

To, ya kai mai karatu, in karatu ko aiki ya kai ka waccan ƙasa, abokai kuma suka gayyace ka fita ranar Asabar, ka amsa gayyatar, amma ka biya kuɗin hanya, ka tsaya tsakanin turakun da aka kafa, kada ka hau kan ruwan da ƙungiyar yankin ba ta sa wa alama ba, in kuma hanya ta bi da ku ta Valcourt ka tsaya ka shiga gidan tarihin da aka buɗe a 1971, inda garejin Bombardier na farko yake tsaye har yau.